Malami a Bayan Ɗalibi: Tarihin Koyar da Wasan Golf a Kano da Alaƙarsa da Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Calawa

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe malami ne a gaba, ɗalibi yana biye. A zauren karatu malami ke zama bisa buzu, ɗalibi ya tuɓe takalmi ya durƙusa. A maƙera ubangida ke riƙe da awartaki, yaro yana zuga. Ko da ɗalibi ya fi malaminsa dukiya ko sarauta, in dai an zo wurin ɗaukar karatu to shi ne a ƙasa. Amma akwai wani fage a birnin Kano inda wannan tsari ya juye, watau filin wasan golf na Kano Kulob, wanda ke daura da hanyar Bompai. A can, sau da yawa wanda ya fi kowa sanin wasan shi ne wanda ya faro da ɗaukar jaka a bayan mai wasa, kuma ɗalibinsa shi ne mai kamfani ko manajan masana'anta. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi haka, ta kuma nuna cewa tashi da faɗuwar sana'ar koyar da golf a Kano sun bi sawun tashi da faɗuwar rukunonin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Calawa.

Tun daga suna akwai abin lura. Wasu kafofin labarai na Hausa sukan kira wasan da ƙwallon lambu, don bambanta shi da ƙwallon gora da ƙwallon dawaki. Sunan ya dace da abin da ake gani a hotunan Ingila da Amurka, inda ciyawa ke shimfiɗe kore shar. Bai dace da tarihin wasan a ƙasar Hausa ba, domin shekaru aru-aru ba a kan ciyawa ake ƙarasa jefa ƙwallo cikin rami ba, a kan yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai. Saboda haka za a riƙe kalmar golf a nan.

Ƙofofi uku

Wasanni uku na Ingilishi sun shigo Arewa a zamanin mulkin mallaka, kowanne da ƙofar da ya biyo. Ƙwallon dawaki ta fada ya shigo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi a shekarun 1920 bayan ya ziyarci Ingila, ɗansa Usman Nagogo kuma ya gwanance har ya kai matsayin da kaɗan ne a Afirka suka taɓa kaiwa. Ba a sha wahalar dasa shi ba, domin doki da ma abin alfahari ne a gidajen sarauta. Wasan fayis, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ta makaranta ya shigo. Malaman Kwalejin Katsina ne suka kawo shi, ɗalibanta irin su Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello suka riƙe shi har girmansu. Ke nan waɗannan biyu sun sami iyayen gida masu daraja tun ranar farko.

Golf kuwa ta ƙofar baya ya shigo, kuma dalilin haka yana cikin tsarin gari ne. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun zauna a gabashin ganuwa, a Nasarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanonin Turai da Kwarori suka kafa kantuna kusa da tasha. Dokar Garuruwa ta 1917 ta tabbatar da ƙa'idar da Lugga ya daɗe yana so, cewa a bar fili marar gini mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce kariya daga sauro da zazzaɓi. A garuruwa da dama na ƙasashen da Ingila ta mallaka, irin waɗannan filaye da aka hana gini a cikinsu su ne suka zama filin sukuwa da filin ƙwallon dawaki da filin golf. Watau wasan ya tsiro ne a kan ƙasar da aka keɓe musamman don raba jinsi biyu. Ɗan ƙasa bai da hanyar taka ta sai a matsayin ma'aikaci: mai sassabe, mai share yashi, ko yaron da ke ɗaukar jakar sanduna, wanda Turawa ke kira kadi.

Wannan wariya ta fara sassauci ne bayan 1947, shekarar da aka hana wani babban ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka, Ivor Cummings, ɗaki a otel ɗin Bristol na Ikko saboda launin fatarsa. Hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa gwamnati ta soke wariya a wuraren jama'a. Amma soke doka daban, buɗe ƙofar kulob daban. Kuɗin shiga da sharaɗin sai wani mamba ya gabatar da mutum sun ci gaba da yin aikin da doka ta daina yi.

Asalin gwanin kulob

Ba a Kano aka fara ganin talaka yana koya wa mai kuɗi golf ba; haka sana'ar take tun a mahaifarta, ƙasar Sikotlan. Allan Robertson na garin St Andrews, wanda ya rasu a 1859, shi ake ɗauka gwani na farko da ya ci abinci da wasan, kuma sana'arsa ita ce ɗinka ƙwallon fata mai cike da gashin tsuntsu. Yaron shagonsa, Tom Morris Babba, shi ya zama uban masu kula da filaye da koyarwa. Gasar farko ta British Open da aka yi a Prestwick a 1860 mutum takwas ne suka shiga, dukkansu irin waɗannan 'yan sana'a. A 1886 masu shirya gasar 'yan sha'awa suka shata iyaka a rubuce: duk wanda ya ƙera sanda ko ƙwallo don sayarwa, ko ya ɗauki jaka don lada bayan ya kai shekara 15, ko ya karɓi kuɗi don koyarwa, to ya fita daga sahun masu wasa don nishaɗi. A zahiri ƙa'idar wasa ce, a baɗini kuwa katanga ce tsakanin mai gida da bara. Har a 1920, da shahararren ɗan wasan Amurka Walter Hagen ya je gasar British Open a garin Deal, ba a bar shi ya shiga ɗakin kulob ba, sai a cikin motar haya ya riƙa sauya takalmi. 'Yan sana'ar sun kafa ƙungiyarsu a Ingila a 1901, a Amurka kuma a 1916, kuma ta Amurkan ta riƙe sharaɗin fararen fata zalla daga 1934 har zuwa 1961.

Wannan tsari ne Turawan mulki da na ciniki suka kawo Kano da shi a ka. Sai dai su ba su da wata buƙatar malami sosai, domin yawancinsu sun taɓa riƙe sanda tun a gida. Abin da suke buƙata shi ne yaro mai kaifin ido da zai ga inda ƙwallo ta faɗa cikin ciyawar damina ko cikin hazon hunturu.

To a nan ne abin da ba a yi niyya ba ya faru. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Yaron jaka yana tsaye ne a wuri mafi dacewa da koyo, watau gefe da ɗan baya, inda yake ganin juyin kafaɗa da saukar sanda da tashin ƙwallo a lokaci guda. Zagaye ɗaya ramuka 18 ne, tafiyar da ta haura kilomita shida, kuma mai wasa matsakaici yakan yi bugu casa'in ko ɗari. Yaron da ya yi shekara biyar yana wannan aiki ya kalli bugun da ba ya ƙirguwa, mai kyau da maras kyau, daga hannun mutane iri-iri. Abin mamaki shi ne, wannan hanya ta kallo ita ce daga baya ta zama ginshiƙin koyarwar zamani. John Jacobs, Baturen Ingila da ya taɓa aikin koyarwa a kulob ɗin Jazira na Alƙahira, ya gina littafinsa Practical Golf na 1972 a kan magana guda: malami ya fara duban yadda ƙwallo ta tashi, domin tashinta ke faɗin abin da sanda ta yi lokacin haɗuwa, ko fuskarta a buɗe take ko a rufe, ta wace hanya ta biyo, da wane irin gangare ta sauko, da kuma wane sauri. Abin da Jacobs ya tsara a takarda, yaron jaka da ido ya tara shi, ko da yake ba shi da kalmomin da zai bayyana shi.

Akwai kuma ilmin da littafin Ingila ba shi da shi sam. Littattafan koyarwa, har da mashahurin nan na Ben Hogan na 1957, sun ɗauka ƙwallo tana zaune ne a kan ciyawa mai laushi wadda sanda za ta yanka ta wuce. A Kano, daga Nuwamba zuwa Mayu, ƙasa takan bushe ta yi tauri. Sandar da ta riga ƙwallo taɓa ƙasa sai ta yi tsalle ta bugi ƙwallon a ka. Ƙwallon da aka cilla sama ta faɗo kan tsandauri ba ta tsayawa inda aka so. Dabara ita ce a buga ta ƙasa-ƙasa, ta sauka tun da nisa, ta gangara da kanta. Da'irar yashin da ke kewaye da rami ita ma da nata hali. Ana tankaɗe yashi a cuɗa shi da man da aka juye daga inji don kada iska ta kwashe shi, sa'an nan kafin kowane bugu a ja abin shara a daidaita hanya. Saurin ƙwallo a kanta ya danganta da yawan man da zafin rana da kaurin yashin. Wanda ya share wannan yashi da hannunsa shekara da shekaru ya fi kowane baƙo sanin ƙarfin da za a sa.

Zamanin masana'antu

Bompai ce rukunin masana'antu na farko a Kano. A shekarun 1950 da 1960 ta cika da injinan matse man gyaɗa da masaƙu da majemu da masana'antun sabulu da alewa da turare da kwanonin sha, akasarinsu na Kwarori da Turawa, daga baya Indiyawa da 'yan Sin suka shigo. Tsarin raya birni na shekara ashirin da B. A. W. Trevallion ya shirya ya faro daga 1963. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo da waɗanda suka biyo shi, aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi a kudu maso yammacin birni, da kuma Calawa a bakin kogin da tun farkon shekarun 1930 ake jawo wa Kano ruwan famfo daga gare shi. Ma'aikata suka bazu a unguwannin da ke kewaye da masana'antun, amma manajoji ba su bi su ba. Gidajensu na Nasarawa da Bompai, kusa da kulob. Wanda ya wuni cikin ƙarar inji a Sharaɗa ko warin jima a Calawa, da la'asar yakan ratsa gari ya komo gabas.

Abin da ya canja al'amarin koyarwa shi ne dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, ta 1972 da ta 1977. Waɗannan dokoki sun tilasta wa kamfanonin baƙi sayar da hannun jari ga 'yan Nijeriya, kuma tare da kuɗin man fetur na wancan zamani suka haifar da sabon rukuni na darektoci da manajoji 'yan ƙasa: attajiran birni, da tsofaffin manyan ma'aikatan gwamnati, da hafsoshin soja. Kulob wuri ne da ake haɗuwa da manajan banki da wakilin kamfanin da ke kawo kayan inji, kuma zagayen golf na awa huɗu dama ce ta magana da ba a samu a ofis. Sai dai waɗannan sababbin mambobi sun zo wa wasan ne da shekara arba'in ko hamsin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai taɓa lilo da sanda yana yaro ba, ba zai iya da kallo kawai ba. A karo na farko aka sami jama'a masu yawa a Kano da ke da buƙatar malamin golf da kuma halin biyansa. Malamin da ke kusa kuwa shi ne tsohon yaron jaka.

A daidai wannan lokaci ne sana'ar ta fara samun tsari a ƙasa baki ɗaya. A 1969 aka kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Nijeriya, a shekarar kuma aka fara gasar Nigerian Open a kulob ɗin Ikoyi na Ikko. Gasar ta shiga jerin gasannin hunturu da 'yan wasan Ingila ke zuwa Afirka su yi, a Nijeriya da Kenya da Zambiya da Kwaddibuwa, lokacin da sanyi ya rufe filayensu. Zuwansu ya nuna wa yaran jaka cewa akwai tsani. A 1971 Lee Elder, baƙar fatan Amurka wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara, ya ci gasar, shekara huɗu kafin ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters. A 1981 Peter Tupling ya kammala zagaye huɗu da bugu 255 a kan da'irorin yashin Ikoyi, adadin da a lokacin ba a taɓa yin ƙasa da shi ba a babbar gasa. Mafi dacewa da wannan bayani shi ne Vijay Singh ɗan tsibirin Fiji. Bayan an dakatar da shi daga gasannin Asiya a 1985, ya koma wani ƙaramin kulob a tsibirin Borneo yana koyarwa don ya ci abinci. Daga can ya taso ya ci Nigerian Open a 1988 da 1989, a 2004 kuma ya zama na ɗaya a duniya.

Matsayin malamin a idon Bahaushe

M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan tsarin daraja a tsakanin Hausawa, ya bambanta sana'ar gado, wadda ya kira karda, da wadda mutum ya shiga da rana tsaka, watau shigege, ya kuma nuna cewa ta gado ta fi kima. Kowace tsohuwar sana'a tana da hanyar tantance gwani. Malamin ilmi yana da ijaza da salsalar malaman da ya ɗauka daga gare su. Maƙeri da wanzami da mahauci suna da sarkin sana'a wanda fada ta naɗa. Malamin golf ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sana'arsa shigege ce tsantsa, an koye ta a bariki, a hidimar baƙi, kuma abin da ake koyarwa wasa ne, kalmar da a Hausa take ɗauke da ma'anar abin da ba na gaske ba. Saboda haka laƙabin malam, wanda Bahaushe ke bai wa ko da mai koyar da tuƙin mota, bai zauna masa daram ba. Ɗalibi yakan kira shi da sunansa, shi kuwa yana gyara wa ɗalibin riƙon sanda yana cewa ranka ya daɗe. Wannan ba ƙaramin cikas ba ne ga koyarwar kanta, domin gyara yana buƙatar a ce wa mutum ya yi kuskure, a maimaita masa sau goma, kuma ba kowane bara ke iya faɗa wa ubangida haka ba. Alaƙar ta fi kama da ta ubangida da yaronsa: ladan darasi kaɗan ne, abin dogaro shi ne alheri, kamar tsofaffin sanduna, ko kuɗin mota zuwa gasa a Kaduna ko Jos, ko a sama wa ƙane aiki a masana'anta.

A Turai da Amurka kuwa, a cikin waɗannan shekaru ne darajar malamin ta yi tashin da ba a zata ba. David Leadbetter ya rushe salon bugun Nick Faldo ya sake gina shi daga 1985, Faldo ya ci British Open a 1987, daga nan sunan malami ya fara tafiya tare da na zakara. Butch Harmon, wanda ya koyar da Tiger Woods daga 1993, ɗa ne ga Claude Harmon da ya ci Masters a 1948, 'yan'uwansa maza uku duk malaman golf ne, ɗansa ma haka. Watau a can shigege ya riga ya zama karda. Mujallun wasan suka shiga fitar da jerin malamai mafiya daraja, kamar na mutum hamsin da Golf Digest ke bugawa, wanda malaman da kansu ke zaɓen junansu. Ana iya cewa wannan jeri shi ne ijazar zamani, illa dai ya fi auna shaharar ɗaliban malami da tsadar sa'arsa fiye da abin da sabon shiga zai ƙaru da shi. Na'urar TrackMan, wadda aka ƙirƙira a Denmark a 2003 don auna sanda da ƙwallo, ta ma nuna cewa wani abu da malamai masu takardar shaida suka daɗe suna koyarwa ba daidai ba ne: inda fuskar sanda ta duba shi ke da rinjaye a kan inda ƙwallo za ta fara nufa, ba hanyar da sandar ta biyo ba.

Bayan 1986

Malamin golf na Kano bai sami irin wannan ɗaukaka ba, domin kafin sana'arsa ta kafu sai tushen da take tsaye a kai ya girgiza. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan da masana'antu ke sayowa daga waje suka yi tsada, haka ma sanduna da ƙwallaye, waɗanda ba a ƙera ko ɗaya a Nijeriya. Ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfa da yadi masu araha daga Asiya suka durƙusar da masaƙu. Masana'antu da yawa a rukunonin uku suka rufe, wasu gine-ginen suka koma ɗakunan ajiyar kaya. Kamfanonin da ke biya wa manajojinsu kuɗin kulob, suke kuma sa kofi da kyauta a gasa, su ne suka ragu. Buɗe filin golf na IBB a Abuja a 1991, mai ciyawa har bakin rami, ya ja manyan ma'aikata da manyan gasanni zuwa sabon babban birni. Hare-haren 20 ga Janairu 2012, waɗanda suka shafi hedkwatar 'yan sanda da ke Bompai, suka ƙara rage baƙin da suka saura.

Attajirin Kano na wannan zamani, wanda harkarsa ta koma sayo kaya maimakon ƙera su, hanyarsa ta fi bi ta Dubai, inda manyan malamai suka kafa makarantu. Ɗaya daga cikinsu, Peter Cowen, wanda ya horar da zakaru irin su Henrik Stenson da Brooks Koepka, shi ma ɗan waccan tawaga ce ta hunturu, domin shi ya ci gasar Zambiya a 1976. Darasin da za a ɗauka a irin wannan makaranta na gaske ne, da na'ura da hoto da lissafi, amma an gina shi ne a kan ciyawar da ake shayarwa kullum. In ɗalibin ya komo gida ya tsaya a kan tsandaurin watan Maris, iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas, wanda zai tambaya wace sanda zai zara shi ne dai mutumin da ke tsaye a bayansa. Dokokin 'yan sha'awa da hukumomin wasan suka sabunta a 2022 sun sauke kusan duk tsofaffin sharuɗɗan 1886, ɗaukar jaka don lada bai hana kowa shiga gasarsu, amma karɓar kuɗi don koyarwa yana nan cikin abubuwan da ke fitar da mutum daga sahunsu.